Sawu a Kan Farar Leda

Ranar Alhamis da safe aka buɗe ɗakin kimiyya na wata makarantar kuɗi da ke unguwar Gidan Dahala a Sakkwato, aka tarar mutum-mutumin da ɗalibai suka ƙera ya yi ɓatan dabo. Kwaɗon ƙofa yana nan garau, ba a fasa shi ba, ba a ko lanƙwasa shi ba. Gasar makarantu kuwa jibi Asabar, kuma an riga an buga hoton abin a jikin katanga, an gayyaci iyaye.

Kafin a fita tara kowa a makarantar ya zama alƙali. Masu shara suka ce maigadi ne. Maigadi ya ce 'yan bola ne da ke ratsawa ta bayan katanga. Malamai suka ce makarantar da za a kara da ita ce ta turo. Shugabar makarantar, Hajiya Fauziyya, ba ta wahalar da kanta da wannan duka ba. Ta tambayi wa ke riƙe da makulli, aka ce Nuriyya, 'yar ajin ƙarshe, wadda makaranta ta ɗauke wa kuɗin karatu saboda ƙoƙarinta. Shi ke nan bincike ya ƙare. A gaban taron ɗalibai ta kira ta ɓarauniya, ta ce idan aka tashi gobe Juma'a abin bai dawo ba, za ta soke sunanta, ta je ta nemi inda za ta rubuta jarrabawar fita.

Nuriyya ta iso gida a Runjin Sambo ido ya kumbura, ƙawarta Wasila na riƙe da hannunta, ita ma tana sharar hawaye. Uban Nuriyya direban babbar mota ne, yana can kudu. Wanda suka tarar a zaure kakanta ne, Mode mai bin sawu.

Mode ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin shanun sata a ƙauyukan arewacin Sakkwato, har gwiwa ta gaza aka dawo da shi birni. Bai taɓa yafe wa birni ba. A ganinsa mutanen birni makafi ne masu ido, suna tafiya hanci a sama, ba wanda ya san kamannin ƙasar da yake takawa. Abin da jikarsa ke ɓata yammacinta a kai kuwa, shi ya fi raina wa duka. Sun ce mutum-mutumi ne, ga shi a faɗarta ba kai ba ƙafa. Da ta yi masa bayani cewa yana bin baƙin layi da kansa, yana tura ƙwallaye zuwa lungu, sai ya raɗa masa suna Buzuzu, bai ƙara kiransa da wani suna ba.

Ya saurari labarin yana sakace. Da aka zo kan kalmar ɓarauniya ya cire tsinken daga baki.

"Wa tac ce ma ɓarauniya?"

"Ni, Kaka."

"Gaban mutane?"

Wasila ce ta amsa. "Gaban kowa da kowa, Baba. Wallahi ni ko abinci ban iya ci ba."

Mode ya jawo sandarsa. Ba don Buzuzu ya tashi ba, Buzuzu ya faɗa rijiya ma bai dame shi ba. Amma sunan gidansa ba a taɓa haɗa shi da sata ba sai a bakin masu godiya.

*

Hajiya Fauziyya ta dube shi daga hula har takalmi, shi ma ya dube ta daga takalmi har ɗankwali, kowa ya ga abin da bai yi masa ba.

"Baba, nan makaranta ce, ba ruga ba," in ji ta.

"Na gani, Hajiya. Ruga ba a yanke hukunci sai an duba ƙasa."

Ta ɗaga kafaɗa, ta ce da malamin da ke kula da ƙungiyar ɗaliban da suka ƙera abin, Malam Sirajo, ya buɗe masa ɗakin ya kalla ya gaji.

A tsakiyar ɗakin an shimfiɗa wata farar leda mai faɗi, irin wadda 'yan siyasa ke buga fuskarsu a kai, an manna baƙin layi yana lanƙwasa a kanta. A tsakiyarta aka saba ajiye mutum-mutumin idan an gama gwaji. Yanzu ba komai sai tambarin takalma: mai tsinin dunduniya na Hajiya, da silifas ɗin maigadi, sun yi ta kai-komo da safe suna neman abin da ko makaho ya san ba ya nan. Mode ya yi tsaki. Ya ɗaga ƙafa zai ratsa zuwa taga, sai Nuriyya ta riƙe masa hannun riga.

"Kaka, takalmi. Ba a takawa da takalmi."

"Masallaci na?"

"Ƙura tana rikita mashi ido."

"Buzuzu har da ido." Ya fizge rigarsa ya zagaya ta gefe. Bai ko sunkuya ya dubi ledar ba. A iliminsa leda ba ƙasa ba ce, abin da ba ƙasa ba kuwa ba ya riƙe magana.

A bayan ɗakin, ƙarƙashin taga, ya sami abin da ransa ke so: rairayi mai laushi, da sawun takalmin taya na namiji, ya tsaya daf da bango ya daɗe, sannan ya haura ta inda katanga ta zube. A ƙetare ga layin taya guda na baro. Mode ya ji jininsa ya motsa kamar da. Ya ce Nuriyya da Wasila, da suka rako shi, su koma aji, ya bi.

*

Sawun ya ratsa lunguna, ya ɓace a kan kwalta, ya sake bayyana, har ya kai shi wani kango cike da ruɓaɓɓun ƙarafa da gwangwanaye. Mai wurin, Hamza, wani ƙaton mutum ne da ke sayen tarkace yana aunawa. Yana zaune kan mushen firji yana shan fura, takalmin taya a ƙafarsa.

Mode bai yi sallama mai tsawo ba. Ya ce ya fito da kayan yaran mutane tun ana mu biyu.

Hamza ya ajiye ludayi. "Wane kaya, tsoho?"

"Jiya ka tsaya bakin tagar makaranta. Ƙahwarka ta hagu ta hi nutsewa, don ka jingina da bango. Ko in ƙara?"

"Ƙara mana. Hitsari ni yi. In shi kaka biɗa, yana can, ban ɗauke ba."

Masu zaman kashe wando da ke wurin suka fashe da dariya. Mode ya daure, ya ce ta taga aka zaro abin.

"Wace taga? Wadda ƙarhenta ko hannuna ba ya shiga?" Hamza ya ware hannuwa. "Abin ga na gane shi ran da sunka hiddo shi hili suna gwadi. Ya kai kwalin taliya. Kai kana biɗar abu ba ka san girmanai ba?"

Nan Mode ya tsaya. Gaskiya ce, bai sani ba. A ransa ya ɗauka abin bai wuce motar wasan yara da ake sawa a aljihu ba, kuma bai taɓa tambaya ba, don yana ganin tambayar ma zubar da girma ce. Mutumin da ba ya fara bin saniya sai ya san shekarunta da ƙafar da take ɗingishi, yau ya bi fitsarin wani ƙato rabin gari. Kunya ta kama shi har wuya. Ya juya ba sallama, dariyarsu na bin bayansa.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya koma makarantar. Ya fara da maigadi, Illo, wanda ya rantse tun ba a tambaye shi ba cewa ko ƙuda bai wuce ƙofar nan jiya ba.

"Ina kaka sallar magariba?"

"Masallacin bakin titi."

"Ƙohwa fa?"

Illo ya sosa ƙeya. "Ina sakaya ƙaramar. Ai ba daɗewa nika yi ba."

"Yara sun san hakanan?"

"Wa ab bai sani ba?"

Mode ya dube shi kamar yadda ake duban tulun da ya tsage, ya wuce.

A bakin ɗakin kimiyya ya tarar da Malam Sirajo da shugaban ƙungiyar, wani dogon saurayi mai suna Abdulshakur, suna zaune kamar masu karɓar gaisuwa. Wannan karon Mode ya haɗiye girman kansa ya yi tambaya. Su nawa ne? Uku, da malam na huɗu. Nuriyya ke haɗa wayoyi da ƙarafa, Wasila ke rubuta umarnin da abin ke bi a kwamfuta, shi Abdulshakur ke sarrafa shi a fili. Jiya an rabu lafiya?

"An ɗan yi gardama," in ji Abdulshakur. "Wasila tana son a ƙara mashi gudu, mu munka ce a bar shi yadda yake, gasa ta matso. Ta yi hushi kaɗan, ta huce."

"Wanga zancen takalmi fa?"

"Ido biyu gare shi a ƙasa, su ka bambance hwari da baƙi. In ƙura ta hau leda sai ya ɓace hanya, tayoyin kuma su riƙa sulɓi. Wasila ta kahwa dokar. Ran nan har malam ta kora waje."

Malam Sirajo ya yi murmushin yaƙe. "Ta kore ni, Baba. Kuma kullum kahin a kulle, Nuriyya na goge ledar da jiƙaƙƙen tsumma, tana ja da baya har baki."

"Jiya ma?"

"Jiya ma. Gabana."

"Yau da sahe wa yat taka cikinku?"

"Babu. Daga ƙohwa munka hango ba ya nan. Hajiya da Illo kaɗai sunka shiga."

Mode ya ce a buɗe. Rana ta sunkuya, haskenta ya shigo ta taga a kwance, irin hasken da mai bin sawu ke jira tun asuba. Ya durƙusa da ƙyar a bakin ledar, ya kwantar da kunci kusa da ƙasa. A ƙarƙashin tambarin takalman Hajiya da na Illo, ga shi nan, dishi-dishi: tafin ƙafa tsirara, gumi ya manna shi, ƙurar yini ta kwanta a kai. Ya shiga daga bakin leda, ya nufi tsakiya. Duk inda ya iso baƙin layi sai ya tsallake, bai taɓa shi ba. A tsakiya an durƙusa, gwiwa biyu. Sannan sawun ya dawo da sauri, taku a gajarce, na wanda ya rungumi kaya. Ko a wannan saurin bai taka layin ba.

Ɓarawo ya shigo sata, ya tsaya ya tuɓe takalmi.

Mode ya daɗe a durƙushe. Ba Hamza ba ne, ba Illo ba ne, ba ɗan wata makaranta ba ne. Ɗan gida ne, wanda dokar ta shige masa jiki har tsoro bai fitar da ita ba. Ƙafar kuma siririya ce, ta mace ko ta yaro marar jiki, ƙaramin yatsan dama ba ya sauka ƙasa. Sai dai abin da ya gano igiya ce ya ƙara wa jikarsa a wuya. Ɗan gida, ga makulli, ga ƙafar mace. In Hajiya ta ji wannan, ko Juma'ar ba za ta jira ba.

Ya aika aka karɓo kwanon abincin Illo, ya kife a kan sawun da ya fi fitowa, yadda ya saba kife ƙwarya a daji. Malam Sirajo ya tambayi me ya gani.

"Ƙura," in ji Mode. "Kulle ɗakin ga, ka aje makullin aljihunka."

*

A gida ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya zauna a tsakar gida yana jan carbi, ya jira Nuriyya ta yi alwalar magariba, ta taka siminti da jiƙaƙƙiyar ƙafa zuwa ɗaki. Ya saci kallo. Yatsu biyar, dama da hagu, duk sun sauka. Ya ji sanyi a ransa, kuma a lokaci guda ya ji ƙyamar kansa, shi da ya goya yarinyar nan a kafaɗa yau ya auna ƙafarta kamar ta ɓarawon akuya.

Amma sanyin bai kai ko'ina ba. Hajiya Fauziyya ba za ta durƙusa ta ƙirga yatsu a kan ƙura ba. Macen da ta yanke hukunci da tambaya ɗaya, sai an nuna mata abin da ko daga kan kujera za ta gani.

Ana idar da salla Wasila ta shigo da kwanon dambu, ta ce mamarta ta aiko a ba Nuriyya ko za ta iya ci. Kullum tana gidan, tare suke tafiya makaranta tare suke dawowa, har maƙwabta na ce musu tagwaye. Suka zauna kan tabarma. Mode ya sa hannu a dambun ba a gayyace shi ba.

"Amaryata, bar kuka, kada ki yi muni in sake ki," ya ce da jikarsa. "Ɓarawonku mai ladabi na. Sai da yat tuɓe takalmi kahin ya hau ledarku. Duk wanda ka tuɓe takalmi bakin ledar ga, shi nika nema."

Nuriyya ta ɗago. "Kaka, ai mu duka muna tuɓewa. Ni ma."

"Na sani."

Wasila ta ƙara wa Nuriyya dambu a gabanta, ta ce ta daure ta ci.

*

Da safe Mode ya sa aka tara su a ɗakin kimiyya: Malam Sirajo, ɗaliban uku, Illo, da Hamza mai tarkace, wanda ya aika a kira kuma ya zo da gudu don kada kallo ya wuce shi. Hajiya Fauziyya ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna a bakin ƙofa tana duba waya.

"Baba, ina da baƙi. In tsibbu za ka yi, a yi da sauri."

Mode ya cire hularsa ya wurga tsakiyar leda, nesa da kwanon da ke kife.

"Illo, miƙo mini."

Illo ya taka da silifas ɗinsa ya ɗauko. Mode ya sake wurgawa, ya kira Hamza. Hamza ya ratsa da takalmin taya, yana taka baƙin layi son ransa, har Abdulshakur ya runtse ido kamar cikinsa ake takawa. Da aka zo kan Malam Sirajo, ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi ba tare da ya ko lura ba. Abdulshakur ma ya zame nasa da dunduniya, ya tsallake layi, ya kawo hula.

"Nuriyya."

Ta zo bakin leda ta tsaya. Ta san abin da ya faɗa jiya, ta san abin da tuɓewar ke nufi, ga Hajiya a bayanta. Ta dubi kakanta, shi kuwa ya kafe idonsa a bango. Ta dubi ledar da ta goge da hannunta, yanzu duk tambarin taya. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su, ta shiga ta ɗauko hular. Ta miƙa masa.

Ya sake wurgawa. "Wasila."

Wasila ta taho da sauri, fuska a sake, kamar an aike ta ɗebo ruwa. Ba ta tsaya a baki ba. Ta ɗora takalmin makaranta a kan farar leda, taku ɗaya, taku biyu.

"Wasila, takalminki," in ji Abdulshakur, maganar ta kuɓuce masa. Malam Sirajo ma ya buɗe baki yana kallonta.

Ta tsaya cak a tsakiya. "Na manta."

"Ke?" in ji Abdulshakur. "Ke da kinka hana ni abincin tara don na taka da sahwa mai datti?"

Hajiya ta ajiye waya.

Mode ya dogara sanda ya zagaya gefen leda. "Hajiya, ɓarawon shekaranjiya takalmi yat tuɓe. Jiya na hwaɗi haka gaban mutum biyu kaɗai. Guda ta ji, ta san zai iya kai ta ƙasa, ta tuɓe duk da haka, don ba ta iya taka aikinta da datti. Guda ta ji, yau ta manta dokar da ita ta kahwa." Ya sa sanda ya ture kwanon. "Ɗiyata, tuɓe na dama, ki aza nan kusa. In yatsanki ƙarami ya sauka ƙasa, ni Mode zan durƙusa gaban makaranta in roƙe ki gahwara."

Wasila ta dubi sawun. Ba ta tuɓe ba. Ta sulale ta zauna a kan ledar, ta rufe fuska da hijabi.

Maganar ta fito gutsi-gutsi. Ranar Laraba ta bi Nuriyya gida kamar kullum, ta zare makulli daga jaka lokacin da Nuriyya ta shiga wanka. Ta koma makaranta ana sallar magariba. So take ta saka nata umarnin a ɓoye, da safe abin ya yi gudu kowa ya ga ita ce da gaskiya. Ba wuta, ɗakin ya yi duhu, ta juya wayoyin batir. Abin ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Ta rungume shi a ƙarƙashin hijabi ta kai gida, yana nan ƙarƙashin gado naɗe a zane. Makullin kuma ta mayar da safe, da ta biyo wa Nuriyya.

"Na yi niyyar in hwaɗi," in ji ta cikin kuka. "Sai Hajiya ta tara mutane. Na ji tsoro."

Mode ya ji tausayi na neman taso masa, ya tuna kwanon dambu, tausayin ya koma inda ya fito. Ya ga ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, har wanda ya saci sa ya zo taya nema. Amma bai taɓa ganin wanda ya riƙe hannun mai kuka yana matse nasa hawayen, alhali maganin kukan na ƙarƙashin gadonsa ba.

Hajiya Fauziyya ta miƙe tana gyara mayafi. "To, alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Dama ni ban rubuta komai ba tukuna. Nuriyya, koma aji. Ke kuma Wasila, tattara littattafanki, yau ɗin nan."

"Sauri dai, Hajiya, sauri," in ji Mode. "Jiya da sauri, yau da sauri. Gaban makaranta kinka kira ta ɓarauniya. Gaban makaranta za ki wanke ta, da bakin nan naki, kahin a tashi. In ba haka ba ni zan shiga taron, kuma muryata ta saba kiran shanu."

Hamza ya ƙyalƙyale da dariya. Hajiya ta harare shi, ta dubi Malam Sirajo ko zai cece ta, ta tarar yana ɗaure igiyar takalmi da matuƙar natsuwa. Ta ce za a buga ƙararrawa.

Sai Nuriyya ta yi magana, a karon farko tun shigowarsu.

"Hajiya, kada a kore ta. Ba wanda ya iya rubuta umarnin sai ita, kuma gobe gasa." Ta juya ga Wasila, muryarta ba ta tashi ba. "Da kin hwaɗa mini ran nan, da dare bai yi ba mun gyara. Ki ɗauko shi, ki zauna ki yi aikinki. Amma kada ki ƙara biyo mini da sahe."

*

Bayan an sauko Juma'a aka dawo da mutum-mutumin. An riga an yi taro, Hajiya ta janye kalmarta a gaban ɗalibai cikin jimloli biyu da ta fitar kamar ana cire mata haƙori. Nuriyya ta sake goge ledar tas, ta durƙusa a tsakiya ta kwance murfin. Wasila tana can lungu da kwamfuta, ba mai kallonta, ita ma ba ta kallon kowa. Abdulshakur ya hau babur ya tafi kasuwa neman abin da ya ƙone, wani ɗan baƙin abu da bai kai farce ba.

Mode na tsaye a bakin ƙofa, wai jiran jikarsa yake su tafi. Yau ya fara ganin abin ido da ido. Ya kai kwalin taliya kuwa, wayoyi ja da baƙi sun cika cikinsa, ga ƙananan idanu biyu a ƙasa suna kallon leda. Ya daɗe yana duban idanun nan. A duk birnin, wannan ne abu na farko da ya gani an yi shi yana kallon ƙasa.

Nuriyya ta kama waya da hannu ɗaya, ƙarfen narka dalma da ɗayan, ta waiga neman mai haska mata. Idonta ya je lungu bisa sabo, ya dawo.

"Kaka, zo riƙe mini tocila."

"Ni? Buzuzu zan yi ma gadi?"

"Hannuna biyu na kaɗai."

Ya yi tsaki, ya jingina sanda da bango, ya taho yana ɗingishi yana mita a kan yaran zamani da aikin banza. Da ya iso bakin farar ledar ya tsaya. Ya dafa kafaɗar Malam Sirajo, ya zame takalmin dama, ya zame na hagu, ya jera su kusa da na jikarsa. Sannan ya ɗaga tsohuwar ƙafarsa a hankali, ya tsallake baƙin layin.